Muryar Sarkin Rumbuna

Iya, kakarmu ta wajen uba, ba ta yin tatsuniya irin wadda ake zama a yi shiru ana saurare. Ita sai ta sa ka a ciki. Da an ci abin da ya samu bayan sallar isha, sai ta jawo kaskon wutarta zuwa ƙofar ɗaki, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ce kowa ya kawo dutsensa. Dutsen nan shi ne kai a cikin labarin. Nawa wani ɗan ja ne mai santsi, ni ne ɗan maharbi. Yayata Rabi ita ce ɗiyar maƙeri. Sani kuma, ɗan Baffa Idi ƙanen babanmu, kullum shi ne mai sanda, don ba ya yarda da matsayin da babu duka a cikinsa. Sauran mutanen duniya kuwa, da kuraye da dodanni da tsofaffin bakin rijiya, duk Iya ce.

"Ga ta nan tsaye bakin ƙofa," in ji ta.

Mu ce, "A buɗe mata ta shigo."

Daga nan sai ta faɗa mana inda muke: ga daji, ga hanya ta rabu biyu, ga hayaƙi can nesa. Ta dube ni ta ce, "To maigida, ina za ku bi?" Haka take kirana, wasan kaka da jika. In ka ce za ka tsallake rafi ko za ka harbi kura, sai ta kwance bakin zanenta ta fito da ƴaƴan tsamiya huɗu waɗanda ta goge wa gefe ɗaya a dutsen niƙa har ya yi fari. Kai za ka jefa da hannunka. In fari ya rinjaya ka tsira, in baƙi ya rinjaya sai ka ji abin da ya same ka. Ba ta taɓa yi mana maguɗi ba, ko da kuka ka yi.

Abin da muka fi so shi ne labari ya kai mu gidan sarauta, don Iya ta san su. Tana yarinya ta yi shekaru tana kai ruwa da yin daka a gidan wani basarake can wajen Tasawa, ta ga yadda suke zama da yadda suke tauna goro. Tana da wani Galadima kurma wanda in ka roƙi gona sai ya ba ka gwaza. Tana da Magajiya mai son yabo, wadda in ka yabi akuyarta sai ta ba ka saniya. Ludayin kununta shi ne bafade. Sai ta ɗaga shi ta siranta murya ta ce, "Gyara zama, yaro, sarki ya gaishe ka." Mu yi ta dariya har innarmu ta leƙo ta ce mu bar mutane su kwanta.

Shekarar da nake son faɗa, ban daɗe da shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Ƙauyenmu na cikin ƙasar Tchaké, sojoji ne ke mulki. Ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, ya bushe a tsaye. Shanu suka fara faɗuwa a hanyar rijiya. Maza da yawa suka yi kudu neman abin da za su aiko. Mu da muka rage muna cin anza, wadda sai an jiƙa ta an yi ta zubar da ruwan kafin ɗacinta ya ragu, da dussa in an samu. Ko icen wuta ya yi wuya, kaskon Iya da busasshen kashin shanu yake ci, wuta ja marar harshe.

Wata rana kamyo, babbar motar kaya, ya kawo jar dawa ta taimako. Wajen rabo Baffa Idi ya ce, a gaban mutane, buhunan da aka sauke da marece sun fi waɗanda aka wayi gari da su yawa. Bai ma ɗaga murya ba. Ba a daɗe ba wata mota mai launin ƙasa ta zo ta same shi bakin rijiya, guga na hannunsa. Aka sa shi a baya aka tafi. Daga ranar manya suka daina kiran sunansa da ƙarfi. Baffa yana da rediyo, maza kan taru a zaurensa su saurara su yi hira, babanmu na cikinsu kullum. Babanmu ya ɗauki rediyon ya binne a garken awaki.

Sani bai yi kuka ba. Ya riƙa yawo da duwatsu a aljihu, yana cewa in motar nan ta dawo sai ya fasa mata ido, kuma shi ya san duk waɗanda ke bayan ubansa, in sun taru sojojin ba su isa ba. Iya na zaune tana tsintar anza ta ji shi.

Da dare ya yi sai ta kira mu. Mun yi mamaki, don tun tafiyar Baffa ba ta sake jawo kasko ba. Ta ce yau muna wata ƙasa da ruwa ya ƙi sauka, kuma akwai wani Sarkin Rumbuna wanda rumbunansa ke cike tun zamanin kakansa. Mutanen garinmu sun aike mu mu roƙo hatsi. Muka kama hanya. Muka gamu da wani tsoho bakin rijiya, Iya ta ɗauki ɗan gawayi ta ajiye ta ce shi ne. Ya ba mu ruwa, ya nuna mana hanya, ya ce mu yi hankali da sarkin don ba shi da tausayi. Muka jefa tsamiya muka tsere wa kura, muka jefa muka haye dutse. Har mun fara mantawa da yunwa.

Muna isa ƙofar fada sai Iya ta tattara ƴaƴan tsamiyar ta ƙulle a bakin zane.

Sani ya ce, "Iya, tsamiyar fa?"

Ta ce, "Nan ba a jefa tsamiya. Abin da ya ga dama shi za a yi."

Sai ta gyara zama. Ta miƙe bayanta, wanda kullum a lanƙwashe muka san shi. Ta jawo mayafi ta rufe bakinta da hancinta, ta ɗora hannuwa bisa gwiwoyi, ta kafa ido can bisa kawunanmu kamar akwai abin kallo a bayanmu da ya fi mu. Jan garwashi na haska ta daga ƙasa. Muka jira ludayi ya yi abin dariya, bai yi ba. Shirun ya yi tsawo har na ji motsin awaki a garke. Da ta yi magana, muryar ba tata ba ce. Murya ce mai sanyi, a hankali, sai ka matso kafin ka ji.

"Mi ya kawo ku?"

Sani ya tura dutsensa gaba. "Hatsi muka zo a ba mu. Mutane na mutuwa kai kana zaune bisa rumbu. In ba a ba mu ba in fasa da sandata."

Ba ta ɗaure fuska ba. Ba ta ma dube shi ba. Ta juya kaɗan wajen ludayin ta ce, "Yaron ga shina da zuciya. Ɗan wane ne?"

Sani ya faɗi sunan ubansa na cikin labari, yana taƙama.

"Madalla. A ba shi riga. A ba shi ɗaki ya huta, ya sha hanya."

Ta miƙa hannu ta ɗauki dutsen Sani da yatsu biyu, ta ajiye gefe, ta kifa masa ƙoƙo. Har yau ina jin ƙarar bakin ƙoƙon nan da ya taɓa ƙasa.

"Sani, daga yanzu ba ka magana."

"Ai ban jefa ba, Iya. Ba ki bari na jefa ba."

Muryar nan ta ce, "An ba ka riga. Mi kake so kuma?"

Muka zauna muna kallon ƙoƙon. Babu dodon da Iya ta taɓa yi mana da ya ba ni tsoro kamar wannan sarkin da bai zagi kowa ba. Daren nan na kasa barci, ina ta tunanin ko mutum na iya numfashi a ƙarƙashin ƙoƙo.

Da safe na ji innarmu na ce mata, murya ƙasa-ƙasa, "Iya, yaron nan fa kin san halin da yake ciki. Ubansa..."

Iya ta ce, "Na san inda ubansa yake. Ni na haife shi."

Dare na gaba Rabi ce ta shiga gaban sarki. Ita ta ɗauki darasi, a ganinta. Ta durƙusa da gaske a kan ƙasa, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta yabi rumbunansa da kakanninsa. Sarki ya gyaɗa kai sau ɗaya. Sai Iya ta sa hannu cikin zane ta fito da ɓallin ƙuli-ƙuli, na gaske, wanda ban san inda ta ɓoye shi ba a wannan shekara. Ta miƙa wa Rabi. Yawu ya cika mini baki.

"Ci, ɗiyata. Ke kin san ladabi." Ta bari sai da Rabi ta sa a baki. "Yaron jiya ban ji haushinsa ba. Yaro ba ya ƙago magana, bakin manya ya ji ta. So nake in san wanda ya ce ba ni da tausayi, in aika mishi da hatsi ya ga ba haka nake ba."

Rabi ta ce, "Wani tsoho ne bakin rijiya, ranka ya daɗe. Mutumin kirki ne, shi ya ba mu ruwa."

"Na gode, ɗiyata."

Yatsu biyun nan suka sauko suka ɗauki ɗan gawayin. Aka ɗaga ƙoƙo, aka sa shi kusa da dutsen Sani, aka kife.

Rabi ta fashe da kuka, ƙuli-ƙulin na bakinta. "Ai cewa ya yi zai ba shi hatsi."

Iya ta sauke mayafi ta ce da muryarta ta kullum, "I, haka ya ce."

Da aka zo kaina na ce ni ba ni yi, cikina ke ciwo. Iya ta ce maigida ba ya gudu ya bar iyali a fada. Na tura jan dutsena gaba. Sarki ya tambaye ni mi ya kawo ni, na kasa furta ko kalma. Ya jira, ya jira, sannan ya ce a fitar da wannan, bebe ne. Iya ta mayar mini da dutsena a tafin hannu. Wannan ne karon farko da wani ya fito daga fadar nan ba a kife kowa a ƙoƙo ba.

Bayan haka dare bayan dare muna komawa. Ba mu so, ita kuma ba ta fasa ba. Wata rana sarkin ya yi fara'a, wata rana ya yi kamar ya manta da mu, wata rana ya ce ya riga ya san komai, so yake kawai ya ji ko mu masu gaskiya ne. In mun fito, Iya kan sauke mayafi ta yi mana bayani kaɗan. Ka yi gaisuwa ka sunkuyar da kai. Abin da aka ba ka ka karɓa da hannu biyu, don ƙin karɓa ma laifi ne a wurinsu. In an tambayi suna, kai yaro ne, kiwon awaki ka sani. "Kada ki ja ƙarya mai tsawo, Rabi, ba ki iya riƙe ta. Ki ce ba ki sani ba, ki tsaya nan." Ba mu taɓa samo hatsin ba. Ba mu taɓa fito da dutsen Sani ba. Iyakar nasararmu mu fito da namu duwatsun. Sani kuwa, da Iya ta ga har yanzu bakinsa bai mutu ba, sai ta sa aka kai shi wajen dangin uwarsa can gefen Baoudetta.

Wata rana da hantsi muna lakwal, mushe, wato malaminmu, ya kira ni da Rabi ya ce mu tafi gida ana nemanmu. Bai dube mu ba da yake faɗa. Tun daga nesa muka hango motar nan mai launin ƙasa a ƙofar gidanmu. An kawo kujera an ajiye ƙarƙashin itacen bedi. Wanda ke zaune a kai ba kakin soja ne jikinsa ba, farar riga ce mai guga, yana ƙamshin turare. Sojoji biyu na tsaye bayansa. Manyan gari sun ja baya can jikin danga, babanmu na cikinsu. Iya na zaune gindin bango da ƙwaryar anza, ba ta ɗago kai ba.

Muka durƙusa. Rabi ta yi gaisuwa, ni na bi bayanta da leɓe kawai. Mutumin ya ɗaga yatsa, soja ɗaya ya miƙo mana sukari mai ƙwaya, bibbiyu. Muka karɓa da hannu biyu. Na jefa ɗaya a baki ban ma sani ba.

Ya ce, "Ku ne ɗiyan wan Idi?"

Muryar a hankali take, mai sanyi. Idonsa na can bisa kawunanmu. Na ji wani ɗumi ya bi cinyata ya sauka har ƙasa.

"Baffanku mutumin kirki ne," in ji shi. "Kuskure aka yi. In na san abokan hirarsa na zaure, su zo su shaide shi, gobe ma sai ya kwana gida. Ba ku son ya dawo?"

Ina son ya dawo. Na san duk mai shiga zauren nan, don ni nake kai musu ruwa. Sunan babanmu na kan harshena tare da sukarin.

Rabi ta ce, kanta a ƙasa, "Muna so, ranka ya daɗe. Amma mu mata ba mu shiga zaure."

"Ba ki jin muryoyi daga cikin gida?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ƙanenki fa?"

Karon farko ya sauke ido ya dube ni. Rabi ta ce, "Wannan tun magariba yake barci. Ga shi nan ma, har yanzu fitsari yake a wando."

Soja ɗaya ya yi dariya. Mai farar rigar bai yi ba. Ya daɗe yana kallonmu, ni da ita da jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke ƙarƙashina. Sannan ya ce wani abu da Faransanci, ya kaɗa bayan hannu. Muka ja da baya a durƙushe har muka shige zaure. Motar ta tafi ba ta ɗauki kowa ba.

Iya da kanta ta wanke ni a bayan ɗaki, duk da tsadar ruwa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Shanye ɗayan sukarin, maigida, kada ya narke a hannunka."

Baffa Idi ya dawo bayan damina ta gaba ta kankama, gero ya fara fid da kai. Da ƙafa ya shigo ta hanyar Mayahi. Ya rame, haƙoransa na gaba babu, kuma ba ya son a tsaya a bayansa. Ba wanda ya tambaye shi inda aka kai shi, shi ma bai faɗa ba. Aka je aka ɗauko Sani.

Wani dare Sani ya ce, "Iya, dutsena fa? Har yanzu yana ɗakin sarki."

Ashe ƙoƙon na nan kife ƙarƙashin gadonta duk tsawon watannin nan. Ta yi murmushi ta ce to, yau za a je a fito da shi. Na tabbata ta yi niyyar ta ƙare mana labarin da daɗi. Ta jawo kasko, ta share ƙasa. Baffa na zaune bisa tabarma nesa kaɗan yana shan kunu, bai kula da mu ba. Muka isa fada. Iya ta miƙe baya, ta ja mayafi, ta yi shirun nan nata. Sannan ta ce, "Mi ya kawo ku?"

Ƙwaryar kunu ta faɗi. Muka juya. Baffa ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya mai da hannuwansa baya, ya fuskanci bango. Mutumin da yake ɗaga buhu da hannu ɗaya, kafaɗunsa na rawa.

Ya ce wa bangon, "Ban san kowa ba. Ni kaɗai na faɗa."

Iya ta fizge mayafin daga fuskarta. "Idi. Ni ce. Innarka ce, Idi."

Ya daɗe kafin ya juyo. Ya dube ta, ya dube mu, ya dubi kunun da ya zube. Ya zauna a hankali.

"Inna, ina kika san shi?"

"Ban san shi ba," in ji ta. "Na san irinsu."

Ta ɗaga ƙoƙon, ta ɗauki dutsen ta sa wa Sani a hannu, ba sarki ba bafade. Ta ce, "Tatsuniya ta fita ta ja ƙofa, kowa ya tahi ya kwanta." Daga daren nan Sarkin Rumbuna bai sake zuwa gidanmu ba. Galadima kurma ya dawo, Magajiya ta dawo da akuyarta, muka ci gaba da dariya har Iya ta tsufa ƙwarai ta daina jawo kasko.

Na daɗe ina jin haushinta a raina. Ina cewa wace irin tsohuwa ce za ta tara yara masu yunwa, ɗaya ma an tafi da ubansa, ta riƙa firgita su kowane dare. Sai da na haifi nawa na gane. Ba ta da hatsin da za ta ba mu, ba ta da ƙarfin da za ta tare mota. Ta san za a zo, ta san da wace murya za a zo, kuma ta san yaro mai yunwa zai bi duk wanda ya yi masa magana mai daɗi. Sai ta zaɓi mu fara gamuwa da mutumin nan a ƙofar ɗakinta, inda in ka yi kuskure dutse ne ke shiga ƙarƙashin ƙoƙo.

Yanzu a Tasawa nake, ina koyarwa. In an ɗauke wuta nakan tara yarana a tsakar gida mu yi irin wasan, da murafen kwalba maimakon duwatsu. Nakan yi musu sarakuna masu tsawa da zare ido, masu tuntuɓe da rigunansu. Muryar nan na iya ta, na san na iya, amma ban taɓa fito da ita ba. Kwanan baya ƙaramar ɗiyata ta ture murfinta ta ce, "Baba, sarkinka ba ya ba da tsoro ko kaɗan."

Na ce mata, "Allah ya sa ki tsufa kina faɗin haka."